Yadda Za Ka Raba Kyanwar Maƙwabci da Lambunka

Duk wanda ya taɓa kafa ɗan lambu a bayan ɗaki a Barnawa ko Narayi ko Kakuri ko Sabon Tasha a Kaduna ya san wannan takaicin. Ka kafce ƙasa, ka farfasa hoge, ka zuba taki, ka baje, ka yafa irin alayyafo da yamma. Gari na wayewa ka tarar da rami a tsakiyar fangali, iri ya watse, ga ɗan tsibin ƙasa a gefe. Ka sa hannu za ka gyara, sai ka ci karo da kashin kyanwa. Gobe haka, jibi haka. Kyanwar kuma ba taka ba ce, ta katanga take haurowa. A wannan ɓangaren na gari, inda masaƙar KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, kuma har yau gidaje da yawa suna lissafin kuɗin cefane da kyar, ɗan fangalin alayyafo da kuɓewa da attarugu miyar gida ce. Wanda ya ji haushi yana da gaskiyarsa.

Sai dai abin da haushi yake sa mutane yi ba ya gyara lambu. Wani ya ɗauki dutse, wani ya sayo guba, wani ya nufi ƙofar maƙwabci yana huci. Abin da nake so mai lambu ya riƙe shi ne wannan: ƙasa mai laushi kyanwa take bi. In ka hana ta taka wannan ƙasar, aka kuma tanadar mata wata, magana ta ƙare.

Halittarta ce ta tona rami, ta yi kashi, ta binne. Tana son wurin da farcenta zai shiga ba wahala, busasshe, inda babu hayaniya. To duba unguwanninmu na wannan ƙetaren kogin. Tsofaffin gidajen haya na Kakuri da Makera da Television, tsakar gida siminti ne. Sabbin gidajen Barnawa da Mahuta da Kamazo an shimfiɗe su da intalok tun daga get har jikin bango. Ɗan filin da ya rage kuwa jar ƙasa ce, wadda daga Nuwamba zuwa Maris take bushewa ta ƙeƙashe, ko fartanya ba ta shigarta sai an jiƙa. A layin gaba ɗaya, mai yiwuwa fangalinka ne kaɗai wurin da kyanwa za ta iya tonawa. Da damina lamarin yana juyewa. A Agusta da Satumba ko'ina ya jiƙe sharkaf, sai ta koma neman busasshiyar ƙasa a tukwanen fulawa da buhunan shuka da aka jera a ƙarƙashin baranda.

Kafin komai, ka tabbatar kyanwa ce. Kare ba ya binne nasa, kuma nasa ya fi girma. Kaza tana barbaza ƙasa ko'ina ba tare da ta yi rami ɗaya ba. Kashin ƙadangare ƙarami ne mai ɗigon fari a ƙarshe. Gafiya kuwa rami mai zurfi take yi, sau da yawa a gindin katanga. In kana shakka, da magariba ka lailaye ƙasar gefen fangali ka barbaɗa toka kaɗan. Sawun kyanwa kewayayye ne, yatsu huɗu, babu alamar farce, domin tana maƙale farcenta in tana tafiya. Na kare yana nuna farce. Sawun zai kuma nuna maka ta inda take shigowa, wanda zai yi maka amfani nan gaba.

Akwai masu cewa, ai kashi taki ne, a bar shi ya ruɓe. Wannan kuskure ne mai tsada. Kashin saniya da na akuya da na kaji, in sun ruɓe, taki ne. Na kyanwa daban yake, domin mai cin nama ce, tana farautar ɓera da tsuntsu, kuma abin da ke cikinsu yana bi ta hanjinta. Babban abin tsoro wata ƙwayar cuta ce da ake kira toksoplasma. A 1908 aka fara gano ta a Tunisiya, amma sai a 1970 masana suka tabbatar cewa a hanjin kyanwa take hayayyafa ta fito da ƙwanta cikin kashi. Mai lafiya in ta shige shi, galibi ba ya ma sani, ko ya ɗan yi zazzaɓi da kaluluwa ya warke. Amma macen da ta kamu da ita karon farko tana da juna biyu, cutar tana iya ratsawa ta taɓa ɗan tayi: ɓari, ko lahani a ƙwaƙwalwa, ko a ido. Haka wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai ɗauke da ƙanjamau da bai samu magani ba, ko mai shan maganin daji. Ƙwan yana iya zama da rai a danshin ƙasa wata da watanni, har ya haura shekara.

Bayan wannan akwai tsutsar ciki. Ƙwanta yana kwanciya a ƙasa, yaro mai rarrafe ya damƙi ƙasar ya kai baki. Akwai kuma wata tsutsar da ke huda fatar ƙafa in an taka ba takalmi, ta bar jan layi mai lanƙwasa da ƙaiƙayin tsiya. Uwayen da suka taɓa ganin wannan a tafin ƙafar yaro ba sa mantawa.

Ban faɗi wannan don a tsani kyanwa ba. Ba kowace ce ke ɗauke da toksoplasma ba, kuma wadda ta kamu, mako ɗaya zuwa uku take zubar da ƙwan, yawanci sau ɗaya a rayuwarta. Mutane suna kamuwa ta naman da bai gasu ba ma, da ruwan rijiyar da ba a rufewa. Abin da ya fi muhimmanci ga mai lambu shi ne, ƙwan ba ya iya cutarwa a ranar da ya fito. Sai ya kwana ɗaya zuwa biyar a waje kafin ya ƙosa. Ƙwan tsutsar ciki kuwa makonni yake ɗauka. Saboda haka wanda yake kwashewa kowace safiya ya riga cutar.

Ga yadda ake kwashewa. Ka sa shebur ko tsohon faranti, ko ka zura hannu cikin leda, ka ɗebe kashin haɗe da ƙasar da ke kewaye da shi kamar faɗin tafin hannu. In akwai masai na rami, a juye a ciki, ban da ledar. In babu, a ƙulle a leda a sa a shara, ko a binne a rami mai zurfin kamu guda, nesa da rijiya, nesa da kayan miya. Kada a jefa shi a ramin takin gargajiya, domin zafin ruɓewar bai kai ya kashe ƙwan ba. A wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce. Mai juna biyu ba ta wannan aikin, ko da ita ce mai lambun. Maigida ko wani babba ya karɓe ta har ta sauka. Latas da karas da kabeji da duk abin da ake ci ɗanye, a wanke shi ganye-ganye da ruwa mai yawa, karas a kankare. Wanda kashi ya taɓa kai tsaye a tuge shi a yar. Alayyafo da yakuwa da ugu da za su shiga tukunya, tafasa ta isar musu. Kwashewar tana da wani amfanin kuma: kyanwa tana komawa inda ta ji warinta, in ka bar shi ka kira ta ke nan.

Yanzu ga ainihin maganin. A ganina babu abin da ya kai ragar waya, irin wadda ake yi wa kejin kaji, mai ido kamar inci ɗaya. Masu kayan gini a Kakuri da Sabon Tasha suna sayar da ita gwargwadon tsawon da kake so. Mutane da yawa suna kafa ta a tsaye kamar shinge, kyanwa ta haura ta shiga abinta. Kwantar da ita ake yi. Bayan ka yafa iri ka yi ban ruwa, ka shimfiɗa ragar a kan fangalin ta manne da ƙasa, ka danne gefunan da duwatsu ko ka kafe su da guntayen waya da aka lanƙwasa. Ka naɗe bakin da aka yanka zuwa ƙasa, kada ya soki yaro ko ya yage maka hannu. Kyanwa za ta zo, ta taka, ta kai farce ta ji ƙarfe, ta kasa tono. Inda ba za ta iya binnewa ba, da wuya ta tsuguna. Alayyafo da rama da lalo da albasa da karas duk suna fitowa ta idon ragar ba tare da matsala ba. In dashen tumatir ne ko attarugu ko tattasai, ka sa filaya ka buɗe rami daidai kowane gindi, ka lanƙwasa bakin wayar. Raga ɗaya tana yi maka shuka da yawa in kana naɗe ta kana ajiyewa inda ruwa ba ya dukanta.

Wanda ba shi da kuɗin raga, ƙaya da tsinke suna nan. Manoman rani a bakin kogi da fadamu sun daɗe suna kwantar da reshen ƙaya a kan irin da suka yafa. Reshen magarya ko bagaruwa ya yi, haka rassan fulawar nan mai ƙaya da ke lulluɓe katangun Barnawa, waɗanda ake sassabewa a zubar a bola. A kwantar da su a gicciye, ba a tsaye ba, kuma a gidan da babu mai rarrafe. In akwai ƙananan yara, a bar ƙaya, a koma ga kara. Ka yayyanka karan dawa ko na masara ko tsagin gora, tsawon taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, ka kakkafa su ko'ina a fangalin, tsakanin kowane biyu kada ya wuce faɗin tafin hannu. Kafin kyanwa ta yi kashi sai ta juya, ta tona, ta tsuguna, ta sake juyawa ta binne. In babu sararin yin haka sai ta wuce. Kuskuren da aka fi yi shi ne kafa su da tazara mai yawa, ko a jera su a gefe kawai a bar tsakiya fayau. Kuma kada a fiƙe kan da ke sama. Mai cire ciyawa yana sunkuyawa, ido abu ne mai tsada.

Masu noman buhu da bokiti da tsofaffin tayoyi, naku ya fi sauƙi. Ku rufe saman ƙasar da tsakuwa manya ko fasassun bulo ko totuwar masara, a bar gindin shukar kawai. Ruwa zai ratsa, farce ba zai shiga ba, danshi kuma ya daɗe, wanda riba ce a lokacin hunturu. Tsohon gidan sauro da ya yage ya gama aikinsa yana iya rufe wurin rainon iri, in an ɗaura shi a kan sanduna aka ja shi ya miƙe sosai, domin in ya yi sako-sako tsuntsu da ƙadangare har da maciji suna sarƙewa a ciki. Sabon da aka raba a asibiti don mai ciki da yara kuwa, wurinsa kan gado.

Akwai abin da mutane ke zubawa da niyyar gyara, ashe gayyata ce. Garin katako daga wurin masu yankan katako, yashi mai laushi, toka mai yawa, buntun shinkafa: duk waɗannan kyanwa tana son su fiye da ƙasar kanta. In za ka gauraya yashin kogi don sassauta jar ƙasa, ka cuɗa shi ciki sosai, kada ka bar shi a sama. Tarin yashin gini da tifa ta juye a ƙofar gida ma a rufe shi da tamfol ko tsohon kwano, musamman da yake a nan yara suka fi wasa.

Ruwa ma yana taimakawa. Kyanwa ba ta son taka laka, kuma da dare da asuba ta fi yawo. In da safe kaɗai kake ban ruwa, kafin magariba iskar hunturu ta busar da saman ƙasar, ta zama daidai yadda take so. Ka mai da babban ban ruwanka yamma, ka jiƙa har gefuna da kusurwoyi, a gindi ba a kan ganye ba, saboda tumatir ba ya son kwana da jiƙaƙƙen ganye. In kuma ka gan ta da idonka tana shirin tsugunawa, huda murfin gorar ruwa ka fesa mata. Ruwan sanyi, ba na zafi ba. A Ingila da Amurka ana sayar da na'urar da ke fesa ruwa da kanta in ta ji motsi, da wata mai fitar da ƙarar da kunnen mutum ba ya ji. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila, RSPB, ta gwada irin mai ƙarar, ta ga ta rage shigowar kyanwoyi da kusan kashi ɗaya cikin uku kawai. Da tsadarta, da halin wutarmu da na famfonmu, raga ta fi mana.

Maganar wari kuwa, kada ka dogara da ita. Gaskiya ne kyanwa ba ta son ƙamshin ɓawon lemo da na lemun tsami, kuma mai sayar da lemo a bakin titi zai ba ka cike da leda kyauta. Amma kwana ɗaya ko biyu ya bushe, ƙamshin ya tafi, da damina kuma ruwa ya wanke. Ka zuba in kana da shi, a matsayin ƙari a kan raga ko kara.

Waɗanda zan hana ka da babbar murya su ne waɗannan. Kafur, wanda ake sa wa tufafi a akwati: guba ne ga kyanwa, yaro yana ɗaukarsa a zaton alewa, kuma ga masu wata larurar jini da ta yawaita a ƙasar nan yana farfasa ƙwayoyin jini, har ya jawo wa jarirai shawara mai tsanani. Ba abin da za a sa kusa da abinci ba ne. Garin barkono yana shiga idon dabba da hancinta, ta yi ta yakushin fuskarta, iska kuma ta kwaso shi ta watsa wa mai lambun. Bilic yana ƙona ƙasa, ba ya kashe ƙwan toksoplasma, wasu kyanwoyin ma warinsa jan su yake yi. Fasasshiyar kwalba da ƙusa a cikin fangali kuwa, hannun da zai fara yankewa naka ne ko na ɗanka.

Sai guba. Ana zuba fiya-fiya ko Sniper ko shinkafar ɓera a kan kifi a ajiye a gindin katanga. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantunan kayan masarufi saboda rayukan da ya ci, amma har yanzu yana shiga gidaje. Kifin da aka ajiye ba ya zaɓen mai ci. Kazar gida za ta tsattsaga, karen wani zai lashe, yaron da ya fito da sassafe zai iya kai hannu. Dokar ƙasa ta hana zaluntar dabba da kashe dabbar wani. Addinan da muke bi a wannan gari ma ba su bar mu a duhu ba. Musulmi ya san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Kirista ya san Littafi Mai Tsarki ya sa kula da ran dabba cikin halin adali. Malaman Malikiyya suna lissafa kashin kyanwa cikin najasa, ita kanta kuwa mai tsarki ce. A kwashe ƙazantar, a ƙyale mai rai.

Ka kuma tuna aikin da take yi maka ba ka biya. Layin da babu kyanwa ɓeraye ne ke mulkinsa, su ci tumatir a jikin uwarsa, su fasa buhun masara. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci, kuma da rani ya fi tashi, daidai lokacin da kyanwa ta fi damun lambu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ajiye kyanwa cikin matakan rage ɓera a gida. Ɗaure ta a buhu a kai ta bakin kogi ko hanyar Gonin Gora a yar ma ba ya magani. Ko ta dawo, ko wata ta gaje wurin cikin 'yan makonni, tunda ƙasar mai laushi tana nan.

Rabin aikin da ya rage yana gidan maƙwabci, kuma a nan ne ake buƙatar lalama. Wannan gari ya sha rikicin addini a 2000 da 2002. Iyalai da yawa sun ƙetara gada, wasu sun yi kudu, wasu arewa, kuma a unguwanni irin su Barnawa da Kakuri da Nasarawa har yau akwai layukan da masallaci da coci suke jin muryar juna. Maƙwabtakar da aka sha wahala aka gina ta fi ƙarfin a zubar da ita a kan kyanwa. Kada ka aika yaro da saƙo, kada ka yi habaici ta kan katanga, kada ka jefa kashin cikin gidansu, abin da na san ana yi. Mace ta je wurin matar gidan, namiji ya sami maigidan a waje bayan an gaisa. Kuma ka je da abin da za ka bayar, ba da ƙara kaɗai ba. Uwargida tana iya cewa: "Mama, ina kwana, ya yara? Alfarma na zo nema. Kyanwar nan taku tana yi mana maganin ɓera, mun gode. Sai dai ta gano wurin alayyafona, ga shi kuma ina da mai rarrafe. Ina da ragowar yashi, in kun yarda in sa a kawo, a zuba mata a tsohon baho a can lungu." Da wuya a yi wa mutum irin wannan magana ya ƙi. Sau da yawa ma masu kyanwar ba su san inda take zuwa ba.

Makewayin kyanwa ba shi da wuyar haɗawa. Tsohon baho ko rabin jarka mai faɗi, a zuba busasshen yashi ko garin katako zurfin yatsu huɗu, a ajiye a lungu mai shiru inda ruwan sama ba ya duka, nesa da madafa da rijiya da inda take cin abinci. A ranar farko a ɗebo ɗan kashinta daga lambun a binne a ciki, warin zai nuna mata. A riƙa kwashewa kullum, a sauya yashin duk mako, domin in ya ƙazantu za ta guje shi ta koma gidan jiya. In maƙwabcin ya ƙi, ko kyanwar ba ta da mai ita, ka yi wannan a wani lungu na gidanka. Na san da ciwo mutum ya yi wa dabbar wani hidima. Amma kwashe kashi daga baho ɗaya da ka san inda yake ya fi lalube a cikin latas. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, a haɗa kai da mai gida ko mai kula da gidan a ware wuri ɗaya, a kuma san wanda zai riƙa kula da shi. Zuwa wurin mai unguwa sai in an yi magana sau da yawa an ci tura.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa a fili ba. Akwai masu ganin kyanwar dare, musamman baƙa, su ce turo ta aka yi, kashin da ta bari kuma sammu ne. Daga nan sai a fara kallon wata tsohuwa a layin da wani ido. Ina roƙon duk wanda wannan tunanin ya ɗarsu a ransa ya shimfiɗa raga tukuna ya ga abin da zai faru. Kyanwar da ta daina zuwa saboda waya ta hana ta tono, ƙasa ta zo nema. Zargin maita yana raba zumunci, ya kan kai ga a taɓa lafiyar wanda bai ji ba bai gani ba.

In abin da ke damunka wari ne mai kaifi a jikin bango ko ƙofa ko tukunyar fulawa, wannan muzuru ne yake fesa fitsari don shata iyakarsa, raga ba ta maganinsa. A wanke wurin da ruwa da sabulun gari sosai. Abin da ke rage shi da gaske shi ne fiɗiya a wurin likitan dabbobi. Muzurun da aka fiɗiye yana rage fesawa da yawo da faɗan dare. Macen ma ana yi mata aikin hana haihuwa, kuma yana da muhimmanci, domin cikinta wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, 'ya'yan kuma kafin su cika shekara sun fara nasu. Akwai likitocin dabbobi a cikin Kaduna, ga kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Wanda ya kai tasa ya nemi a ba ta maganin tsutsa, a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana ɗaukarsa. Kada kowa ya ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Wanda kuwa kyanwa ta ciza ko ta yakusa har jini ya fito, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Sauran 'yan gyare-gyare ne. Kan kifi da ƙashin kaza da ake watsarwa a bayan madafa su ne suke fara kiran kyanwa gidan, sai a rufe kwandon shara. Katanga ba ta tare ta, tana tsallen da ya ninka tsayinta sau biyar, amma kana iya janye durom da tarin bulo da itacen da take takawa ta sauko. Rariyar da ke ƙarƙashin katanga a sa mata raga, a riƙa share ta da damina kada ruwa ya taru.

Ba har abada za ka yi ta wannan tsaron ba. Lokacin haɗari shi ne daga ranar shuka zuwa mako uku ko huɗu, sa'ad da ƙasa take tsirara. Da alayyafo ya rufe fangali, ko kabewa da dankali suka yaɗu, kyanwa ba ta samun wurin tono, saboda haka shuka a matse ya fi barin sarari tsakanin layuka. Amma duk ranar da ka tuge tsohuwar shuka ka sake kaftu, ka mai da raga ko kara a ranar, kafin magariba, ko da ba ka riga ka yafa sabon iri ba.